Kunun Duna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida surukina a shekarar farin nan da gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai. Ina sabon ango a lokacin, cimarmu kuwa tafasa ce da rama. Ranar da aka samu garin rogo a kai, to, an yi sallah.

Surukina, Baba Idi, maharbi ne a wani ƙauye gefen Shanono. Yana da baƙin kare mai suna Duna, wanda a shekarar shi ya riƙe tukunyar gidan, yau zomo, gobe gafiya. Sai ciwo ya kama shi. Ya dinga zagaye wuri guda, ya faɗi yana shure-shure, ya tashi ya doki bango da kai. Likitan dabbobi ya ce ga alama ƙari ne a ƙwaƙwalwa, irin ciwon dajin nan, kuma ba shi da abin ba shi. Duk wannan daga baya na ji.

Ni dai na iso a keke da hantsi, cikina wayam tun jiya. Aka ce Baba ya zaga, in jira a zaure. Can a lungu sai ga ƙwarya rufe da faifai, tana tururi. Na ɗaga. Kunun gero ne na gaske, mai kauri, sai dai ya yi kore-kore. (Na san mutum ko ruwa ba ya sha a gidan surukai sai an yi da gaske. Yunwa ce ba ta sani ba.) Na ce a raina ai na baƙo ne, baƙon kuma ni ne. Na kafa kai. Akwai ɗaci, amma wa zai kushe hannun surukata Inna?

Ina suɗe ƙwaryar da yatsa Baba ya yi sallama, riƙe da kasko. Duna na biye da shi, kai a karkace.

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Maimakon in kama bakina, sai na ji ina cewa, "Baba, a yi wa Inna godiya. Rabona da kunu irin wannan tun bara."

"Madalla," in ji shi. "Ɗacin bai dame ka ba? Sassaƙen marke ne da saiwar sabara da zogale. Duna ba ya shan su sai a cikin kunu."

Na nemi inda zan sa fuskata na rasa. Daga bayan zana Inna ta ce, tana danne dariya, "Kason Malam ne fa na yau. Kullum shi yake bar wa Duna nasa, ya wuni da ruwa."

Nan kunyar ta koma wani abu dabam. Na dubi dattijon nan, wuyansa duk ya zurma.

"Baba, yana warkar da shi?"

"A'a, warkewa ta Allah ce. Ina dai ganin faɗuwar tana raguwa, yana samun barci. Wanda ya ciyar da mu da ƙafafunsa, ba za mu bar shi ya tafi da yunwa ba."

Duna kuwa ya shiga zagayensa a tsakar zaure. Ba ya gani, bai ma san ina wurin ba. Baba ya yi gyaran murya a hankali. Wallahi sai karen nan ya tsaya cak, ya miƙe sak kamar lafiyarsa lau, ya je ya ɗora kai a kan ƙafar ubangidansa.

Washegari na ɗebo gero daga irin shukarmu na kai musu, ba tare da na iya haɗa ido da kowa ba. Aka dama wa Duna ya sha, ya kai har gab da damina kafin ya mutu.

A ƙauyen har gobe in na sauka daga keke, tsofaffi kan tambaye ni ko kan ya daina juyawa. Nakan ce alhamdu lillahi, magani ya karɓe ni. Amma tun daga ranar, duk ƙwaryar da na tarar a rufe, sai na ji sunan mai ita kafin in taɓa faifai.