Saratu a Gilashin Kwamfuta

Ko zan manta da komai na zaman Kaduna, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka juya mini tebur ba. A wani kamfanin yin kwalaye ne a Kudenda, can ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshi. Guda ɗaya tak aka kawo mana, kuma da yake na fi kowa saurin buga tafireta, sai aka ɗora ni a kanta. Ranar har tafiyata sai da ta canja. (A unguwarmu, Makera, na hana kowa ce mini akawu, sai dai "mai kwamfuta".)

Wanda bai ga irin ta da ba, ba zai gane ba. Gilashinta baƙi wuluk, a kumbure kamar tumbi, rubutun kuma kore shar. Teburina ya ba taga baya, saboda haka da rana ta ɗaga sai haske ya bugi gilashin ya mai da shi madubi. Sai na ƙanƙance ido na kai hanci kusa kafin in ga abin da nake bugawa.

To, a gefen wannan tagar, a bayana, nan teburin Saratu yake. Ita ce mai kula da fayil-fayil, daga Trikania take zuwa. Ba ta da yawan magana, amma idan tana karatu takan ɗan ciji murfin biro, kuma wallahi har yau ban ga wanda cizon biro ya yi wa kyau kamarta ba. Ina sonta, irin son da ke hana cin abinci. Amma ni ɗin nan mai cika baki a Makera, idan ta ce, "Ina kwana, Malam?" sai in ce "Lafiya," in shiga neman takardar da ke hannuna.

Wata rana na ɗan karkata kwamfutar don in kauce wa hasken, sai ga fuskar Saratu a cikin gilashin, saman koren rubutun. Ai kuwa maganar kauce wa haske ta ƙare. Na ɗauki jan biro na zana layi a kan teburin, daidai gindin kwamfutar, don kada masu shara su gusar da ita in rasa saitin.

Wata shida ina haka. Idanuna suka yi jawur, kullum suna ruwa, da la'asar kaina ya kama sarawa. Innata ta yi ta ɗura mini kwalli, tana cewa injin Turawan nan ne yake shanye mini ruwan ido. Ni kuwa na san abin da yake shanye shi. Da kurakurai suka fara yawa a aikina, manajanmu, Alhaji, ya ce, "Idon nan naka zai tsiyaye muna kallo. Na kira injiniya."

Injiniyan ya zo, ga shi da son koyarwa, sai ya tara mutanen ofis gaba ɗaya. Ya ce taga ba ta zama a baya ko a gaba, sai a gefe. Ya ce gilashi ya yi nisan hannu guda daga fuska, samansa daidai ido, kuma lokaci-lokaci a riƙa ɗaga kai ana kallon nesa. Daga nan ya kama gefen teburina.

Na dafe teburin na ce, "Oga, ni fa a haka na fi gani."

"A haka? Tashi in ga."

Ya zauna a kujerata ya dubi gilashin. Ya lura da jan layin. Ya gusar da kwamfutar, ya sake mai da ita kan layin. Ya waiga bayansa, ya juyo ya dube ni.

"Alhaji, zo ka ga abin da yake gani."

Alhaji ya sunkuyo ya gyara tabarau. "Ikon Allah! Saratu, ɗaga hannunki."

Ta ɗaga. Hannu ya ɗago a cikin gilashin.

Dariyar da aka yi ranar, ina jin har masu gadi sun ji ta. Layi aka yi, kowa sai ya zauna ya gani da idonsa. Injiniyan ya dafa kafaɗata ya ce, "Sori, Malam. Ni tebur na iya gyarawa." Na so ƙasa ta tsage in shige. (Ba ta tsage ba, siminti ne.)

Aka juya teburin, aka sa labule. Cikin mako biyu idanuna suka warke sarai, ina fuskantar bango. Ban taɓa samun lafiya irin wannan ba, ban kuma taɓa jin kewa irin ta lokacin ba. Don kunya na daina ko amsa gaisuwarta sosai.

Bayan wata uku ta bar aikin, za ta koma karatu a Zariya. Ranar sallama ta tsaya a gefen teburina, jakarta a hannu, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, kana ganina a cikin gilashin nan, ni kuma kana tsammani ba na ganin idonka? Wata shida ina jira ka juyo."

Kun san abin da na ce? Cewa na yi, "Allah ya kiyaye hanya." Wannan ita ce ainihin kunyar, ba waccan dariyar ba, kuma ita ce har yau take ci mini rai. Ban sake ganinta ba.

Yanzu da tabarau nake karatu. Idan na ga jikokina sun kafa wa kwamfuta ido, nakan maimaita musu darasin injiniya: taga a gefe, nisan hannu guda, a riƙa kallon nesa. Sannan in ƙara da nawa, wanda na koya a makare: idan abin da kake son gani yana bayanka, kada ka nemi jan biro. Ai Allah ya ba ka wuya, ka juya shi.