Ƙofar Yallaɓai Takardau

Idan ana lissafin mutanen da ilimi ya ratsa, a fara da Yallaɓai Takardau, sannan a bar layi uku babu komai kafin a rubuta na biyu. Shi ne Babban Jami'in Tantance Ƙwarewa a kamfanin da ke kula da wani dogon bene mai hawa tara. Ba a ganin fentin bangon ofishinsa. Takardun shaida ne cikin gilashi, guda ashirin da uku. Akwai ta kwas ɗin kwana biyu kan yadda ake shirya taro. Akwai ta taron da aka shirya bayan kwas ɗin. Akwai wata ƙarama a kusurwa, ita aikinta tabbatar da cewa sauran ba na jabu ba ne. Masu shara sun ce ko gaishe shi ka yi sai ya ɗan dakata, kamar yana jiran ka miƙo hujja.

Bai taɓa riƙe guduma ba, kuma bai ɗauki hakan abin kunya ba. Ya ce mai guduma ƙusa ɗaya yake gani, shi kuwa makomar ƙusoshi gaba ɗaya yake hange.

Ranar wata Alhamis aka kira masu neman aikin gyare-gyare. Mutum huɗu suka jeru a benci gaban teburin sakatariya. Uku sun rungume fayil. Na huɗu, wani dattijo da ake kira Baba Mai Kuba, ya ajiye tsohuwar jakar kayan aiki tsakanin ƙafafunsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran ƙofofi, famfo da wayar wuta a wata masana'anta, har aka rufe ta. Wata bakwai ke nan yana gida. Duk ƙofar da ke gidan ya kwance ta ya mayar sau biyu, har matarsa ta fara ɓoye masa sukudireba. Da safen nan ta gaya masa a fili, in ya dawo hannu wofi, sai dai su tattara su koma ɗakin da mijin 'yarsu ya ware musu. Baba ya ga ɗakin. Tagarsa na kallon wurin da surukin ke wanke mota yana fito.

Da aka zo kansa, ya shiga ya tarar da Takardau yana tsiyaye ƙarshen fulas ɗin shayi a kofi na huɗu.

“Ina takardarka?”

“Babu, ranka ya daɗe. Amma shekara talatin da huɗu…”

“Shekaru ba hujja ba ne, dattijo. Kujerar nan ma ta yi shekara ashirin a ofis, ba mu ba ta muƙami ba.” Ya jingina ya ɗora yatsu bisa yatsu. “A tsarin zamani, abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ta ina zan san ka iya ɗaure ƙusa? Don na gan ka kana ɗaurewa? Ido ba ya buga hatimi. Sashe na bakwai na dokar da na tsara da kaina ya ce babu mai taɓa kayan kamfani sai ma'aikaci mai takardar shaida. Ka je ka yi kwas, ko na wata tara ne, ka dawo mu duba ko shekarunka ba su wuce ba.”

Ya rako Baba har bakin ƙofa, ba don girmamawa ba, sai don na benci su ji ƙarshen jawabin. Sannan ya koma ciki ya turo ƙofar da ƙarfin mutumin da ya gama tarihi. Wani abu ya ce ƙas a cikin kubar.

Baba ya ji, ya kuma gane. Sandar ƙarfen da ke haɗa hannayen ƙofar ce ta karye. Ya koma benci ya zauna, don ƙafafunsa ba sa marmarin hanyar gida.

Bayan minti goma shayin da Takardau ya sha ya fara neman hakkinsa, fitsari ya matse shi. Aka ga hannun ƙofar yana ta juyawa kamar fanka, ƙofa ko gezau.

“Sakatariya,” in ji muryar daga ciki, har yanzu da sauran sarauta, “an samu ɗan tsaiko na fasaha. A ba masu takardu dama su nuna kansu.”

Na farko ya zana hoton ƙofar a bayan fayil ɗinsa, ya sa kibiya, ya rubuta “matsala”. Na biyu ya ce shi a kwas ɗinsu ƙofofi masu buɗuwa aka koya musu. Na uku ya leƙa ramin makulli, ya ci karo da idon Takardau, ya gaishe shi.

“Dattijon nan ya tafi?”

“Yana nan, yallaɓai,” in ji sakatariya.

“To, a matsayin gwaji na musamman, an yarje masa ya duba.”

Baba bai motsa ba. “'Yata, gaya masa ba ni da takarda.”

Sai aka ji na'urar buga takardu tana kuka a ciki, aka ji dukan hatimi, sai ga takarda ta sulalo ta ƙarƙashin ƙofa. Ta tabbatar da cewa an tantance mai ɗauke da ita ta hanyoyin zamani, an same shi gwani. Baba ya sa tabarau ya karanta a natse, har da ƙananan rubutun ƙasa.

“Ta yi kyau. Sai dai sashe na bakwai ma'aikaci ya ce. Ni baƙo ne.”

Yanzu ana jin takun Takardau daga bango zuwa bango, gajeru, masu sauri. Takarda ta biyu ta fito da hatimi a karkace. Ta ɗaukar aiki ce.

“Nan an rubuta zan fara ranar ɗaya ga wata mai zuwa,” in ji Baba. “Sauran kwana goma sha ɗaya. Akwai ruwan sha a ciki?”

“Kada a ambaci ruwa.” Muryar ta sirance, duk manyan kalmomin sun zube. “Baba, don girman Allah. Baba, ka dubi furfurarka.”

Takarda ta uku da biro aka rubuta ta: daga yau, daga yanzu. Baba ya miƙa wa sakatariya ta shigar a fayil, ya jira ta gama. Sannan ya buɗe jaka, ya kwance ƙusoshi biyu na hannun ƙofar, ya zura sukudireba a ramin, ya murɗa. Duka aikin bai kai tsawon gaisuwar safe ba.

Babban Jami'in Tantance Ƙwarewa ya fito a dunƙule, gwiwoyi a haɗe, ya ratsa tsakanin masu fayil. Karo na farko ke nan da aka ga ya wuce taron mutane bai yi jawabi ba. Ya miƙe baranda ya faɗa banɗakin manya.

Baba yana juya karyayyen ƙarfen a tafin hannunsa. “Wannan ai gwangwani ne. Wa ya sayo kubar nan?”

“Shi,” in ji sakatariya. “Da takardar ingancinta ta zo. Duk ƙofofin hawan nan irinta ya sa aka saka.”

Daga ƙarshen baranda aka ji an bugo ƙofar banɗakin. Wani abu ya ce ƙas.

Baba ya goge sukudirebarsa da gefen riga, ya mayar jaka, ya ja zif.

“'Yata,” ya ce, “mu ma'aikata ƙarfe nawa muke tafiya hutun rana?”

Ta duba agogo. “Yanzu, Baba. Awa ɗaya ne. Sashe na tara.”