Kalmar da Ta Ci Kazar Inna

Ƙamshin furar nan, citta da kanumfari da ɗan tsamin nono, ba zan taɓa mantawa da shi ba. Shekarar fari ce, zamanin soja, rumbunmu a Korgom ya zama ɗakin ɓeraye (su ma sun rame). Ina kwalejin Tasawa, sai Madam, malamarmu ta Ingilishi, 'yar Gana, ta hau amalanke ta zo gaida iyayena lokacin hutu. Tafiya take kamar mai tsoron tada ƙasa daga barci, ni kuwa har riƙon allinta nake kwaikwaya. Ba ta jin Hausa, don haka ni ce tafinta.

Inna ta daka ɗan geron da take ta tattali, ta samo nono wajen maƙwabtanmu Buzaye. Madam ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ce, "You are spoiling me!"

Na san kalmar, ni na fi kowa maki a kanta. Spoil: ɓata, lalata, ruɓewa.

"Me ta ce, 'yar lakwal?" in ji Inna (wato 'yar makaranta).

"Wai... furar ta lalace."

Inna ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu, fuskarta ko gezau. "Ce mata ta yi haƙuri, shekara ce." Ta dafa ƙwai. Madam ta ɓare ɗaya, ta dafe ƙirji, ta sake faɗar kalmar.

"Shi ma?"

"Shi ma, Inna." (Har da hawayena, wai ni mai tausayi.)

Inna ta dubi kazar da ke mana ƙwan, wadda ita kaɗai ta rage a gidan, ta ce wa Baba, "Malam, ina wuƙa? Baƙuwar ɗiyata ba ta fita gidan nan da yunwa." Madam ta miƙe tana ta kaɗa hannu, na ce wa Baba kawaici ne irin na 'yan Gana.

Sai da na shiga jami'a a Yamai na ji kalmar tana da wata fuska: shagwaɓa mutum, yi masa gatan da ya wuce kima. Yabon Inna Madam take yi tun kurɓar farko. Tun daga ranar, in na san ma'ana ɗaya ta kalma, nakan yi shiru, musamman in akwai kaza a kusa.