Juma'ar da Nake Yi a Santorini

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min komai, da yammacin da wani Bature mai sayar da tayil ya kwance min zani a kasuwa, a gaban mutumin da nake neman auren 'yarsa. Kuma wallahi Baturen ba shi da laifi ko na anini. Ni na haƙa ramin, ni na auna zurfinsa, sannan na yi tsalle na faɗa.

Abin ya samo asali ne lokacin korona. Ina karatun digiri na uku a Doha, a fannin tace ruwan teku, ina zaune a unguwar Najma a ɗaki ɗaya da mutum uku. Gadaje masu hawa biyu, igiyar shanya daga taga zuwa ƙofa, tukunyar shinkafa a kan akwati. Da aka koma karatu ta bidiyo, sai na gano ana iya ɗora hoto a bayan mutum ya rufe ɗakin. Na laluba na samo wani wuri mai fararen gidaje a kan dutse, ga teku shuɗi shar, ga wani gini mai shuɗiyar ƙubba. An rubuta Santorini, wai tsibiri ne a Girka. Na ɗora, na huta da singiletin Isaka da ke lilo a bayana. (Isaka ɗan Zangon Kumasi ne, yana gyaran wutar mota a Sana'iya, unguwar masana'antu, shi ke gadon da ke saman nawa.)

A lokacin magabatana sun riga sun je Kaduna neman auren Hindatu. Mahaifinta, Alhaji, ɗan kasuwar kayan gini ne, ya ce ya ji, amma ba zai sa rana ba sai ya ga idona. Tunda jirgi ba ya tashi, a fara da gaisuwa ta waya. Hindatu ta ja min kunne tun kafin ranar: "Abba ba ruwansa da abin hannun mutum, amma in ya kama ka da ƙarya sau ɗaya, ya gama da kai."

Na sa farar shadda, na karya hula, na zauna a bakin gado. Abu ɗaya na manta, cire hoton. Muka gaisa, kaina a sunkuye, sai na ji Alhaji ya ce, "Masha Allah. Dakta, ina ne nan kake?"

Jama'a, amsar ba ta fi kalma biyu ba: hoto ne. Amma sai na tuna abin da ke bayan hoton, na ga Alhaji yana kallon igiyar shanyarmu, bakina kuwa ya riga hankalina. Na ce, "Santorini ne, Abba, a Girka. Bincike ya kawo ni, tsibirin yana fama da ƙarancin ruwan sha."

"Duk da wannan annoba?"

"Mu masu bincike ana ba mu izini na musamman."

(Ni da ko kantin ƙasan gidanmu ba na shiga sai na nuna koriyar alama a waya mai shaida ba ni da korona.)

Ya matso da fuskarsa jikin wayar. "Wancan mai shuɗiyar ƙubbar masallaci ne?"

Na ce, "Shi ne, Abba. Nan nake Juma'a."

Da na kashe wayar, Isaka ya leƙo da kai daga sama. "Ɗan'uwa, wannan jirgi da ka hau ba ya da birki. Gaya ma tsoho gaskiya yau, khalas, shi ke nan." Na ce masa ya ji da wayoyin wutarsa.

Da sau ɗaya ne, da sauƙi. Sai Alhaji ya kamu da son wurin. Duk ƙarshen wata in na kira gaisuwa, in ya ga bango fari (na koyi tsayawa a matattakalar bene), sai ya ce, "Yau ba ka tsibirin namu?" Ni kuma don kar ya ji babu daɗi, wata mai zuwa sai in koma. Na tara hotuna huɗu ina juya su. Da azumi ina can, da babbar salla ina can, Janairu ina can, Agusta ina can, kullum rana tarwai, kullum jajayen furanni ɗaya a jikin katanga ɗaya. Ya taɓa tambayata ko garin ba ya damina. Na ce ai ni'imar wurin ke nan, duk shekara haka yake, ko yaushe mutum ya je daidai ne. Har shawara na ba shi in zai zo ya zo da Disamba, an fi sakewa. Shekara biyu da wani abu ina wannan zirga-zirga, fasfona yana ƙarƙashin katifa ko ƙura ba a kaɗe masa ba.

Sai gasar cin kofin duniya ta zo Doha, Alhaji ya sayi tikiti. Ba ƙwallon ce ta dame shi ba sosai, so yake ya jefi tsuntsu biyu: ya ga dillalan tayil, ya kuma gan ni ya yanke maganar rana. Na tare shi a filin jirgi, na kai shi masauki, na raka shi kallon wasa ɗaya a filin wasa na Thumama. Komai lafiya lau. Har na fara lissafin ɗinkin ango a raina.

Kwana na uku bayan la'asar ya kira ni, muryarsa cike da murna. "Dakta, maza ka same ni a Sana'iya yanzu. Na samo maka ɗan'uwa."

Na shiga shagon tayil ɗin ina murmushi, na zaci ɗan garinmu ne. Sai ga wani dattijon Bature mai furfurar gashin baki ya taso da hannu biyu a buɗe. Sunansa Niko, shi ne manajan wurin. Alhaji ya dafa kafaɗata, da Turancinsa na kasuwa ya ce, "Ga shi nan. Garinku ya zama gidansa na biyu." Sannan ya juyo gare ni da Hausa: "A Santorini aka haife shi, ka ga ikon Allah."

Na ga ikon Allah kuwa. Sanyin na'urar shagon har cikin ƙashi yake shiga, amma gumi ya karyo min.

Niko ya rungume ni, ya sa aka kawo shayi. Mutumin nan kewar gida ce ke cinsa, idonsa har ya yi ƙwalla. Ya tambaye ni wane ƙauye nake sauka. Na ce na saman dutsen. Ya yi dariya, ya ce ai duk a saman dutse suke. Ya ce yaya na ga bakin tekunsu. Na ce ban taɓa ganin farin rairayi irinsa ba. Ya ce nasu dai baƙi ne, saboda dutsen da ya yi aman wuta, amma ƙila wani lungu na samu. (Allah ya saka wa bawan nan da alheri, ƙofa yake ta buɗe min ina ƙin fita.)

Alhaji ya ce, "Ko Janairun da ya wuce yana can. Rana tarwai, ga furanni."

Niko ya ajiye kofinsa. Ya ce Janairu? Janairu iska ke kaɗawa har jirgin ruwa ya kasa zuwa, ga ruwan sama, ga sanyi, yawancin otal da shaguna a rufe, masu su sun tafi babban birni. Ya ce in ka fita titi, daga kai sai kyanwoyi da masu gyaran gini. Na ce e to, bana an samu sauyin yanayi.

A nan ya kamata Alhaji ya tsaya. Amma shi tsakaninsa da Allah so yake ya wanke ni. Ya zaro waya, ashe ya taɓa ɗaukar hotona muna magana, ya miƙa wa Niko. "Duba, ga shi a gaban masallacin da yake Juma'a."

Niko ya sa tabarau, ya buɗe hoton da yatsa biyu, fuskarsa ta washe. "Wannan ai cocinmu ne! A nan aka ɗaura auren ƙanwata." Ya nuna saman hulata. "Ga gicciyen nan, kansa ne ya rufe rabi."

Na dubi ƙasa. Samfurin tayil goma sha wani abu ne shimfiɗe a wurin, na roƙi ko ɗaya ya tsage in shige, ba wanda ya motsa. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma tare da ita akwai tsoro, don na san Hindatu ce ke fita daga hannuna.

Alhaji ya karɓi wayarsa, ya yi wa Niko godiya, ya ce gobe zai dawo maganar kaya. Muka shiga mota, muka hau babban titi. Sannan ya ce, "Dakta, shekara biyu kana Juma'a a coci, ko kuwa shekara biyu kana yi min ƙarya? Zaɓi ɗaya in san da wa nake magana."

Na ce, "Na biyun ne, Abba." Na kwashe komai na faɗa masa, har singiletin.

Ya ce wa direba ya juya Najma. Ya hau benen nan hawa uku da ƙafarsa, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin shanya, ya zauna a bakin gadona yana kallon ɗakin. Ya ce, "Wannan ne abin ɓoyewar? Ni a kan buhun siminti na yi shekara huɗu ina kwana." Ya ɗago ya dube ni. "Ba ni ka fi yi wa laifi ba. Kira ta a gabana ka faɗa mata da bakinka. In ta ce ta fasa, na fasa."

Na kira ta. Na fara kame-kame, ban kai rabi ba Hindatu ta tare ni. "Tsibirin? Ai tun wata na biyu na sani. Muna magana hannun wani ya fito daga tsakiyar teku riƙe da buta, ya koma." Na ce to me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Jira nake in ga ranar da za ka gaji. Da an ɗaura ba ka faɗa ba, da ka ga yadda ake fushi. Ba Abba wayar."

An sa rana bayan ƙaramar salla. Har yau ban taka Girka ba, kuma ko kyauta aka ba ni biza sai na yi shawara. Darasin da na ɗauka kuwa ba wani mai zurfi ba ne: in kana jin kunyar ɗakinka, ko dai ka gyara shi, ko ka rataya labule. Labule ba ƙasar kowa ba ne, babu ranar da wani zai taso ya ce a cikinsa aka haife shi.