Yadda Ake Zama Baƙo Mai Kunya Har a Faɗi da Yunwa

Za ka yawon buɗe ido ƙasar waje, kuma gidan mutane za a sauke ka? Madalla. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka dawo da mutuncinka cif, ko da wando ya daina zama a ƙugunka. Ɗan yayata ya gwada su, kuma yana nan da ransa.

1. Riƙe huɗubar gida

A filin jirgi uwarsa ta ja masa kunne: "Kada ka je gidan mutane ka nuna mana kwaɗayi. In an yi maka tayi, ka ja aji." Kai ma haka za a ce maka. Haddace. Abin da za a manta a gaya maka shi ne akwai inda ba a tayi sau biyu.

2. Ƙi tayin farko

Sun sauka shi da abokinsa Dogo. Uwar gidan, wata dattijuwa mai tabarau, ta wuni a kicin saboda su, ta cika tebur dam. Ɗan yayata ya shafa ciki ya ce, "Na ƙoshi," sannan ya fassara mata da guntun yarensu da ya koya. Ya gyara zama yana jiran "haba dai, ko loma ɗaya."

Ta ce, "To." Ta ɗauke farantin.

Dogo kuwa, da yake ranar rabon kunya ba ya gari, ya cinye nasa ya ɗora da na abokinsa.

3. Tsaya kan bakanka

Wanda ya ƙoshi jiya, da wane ido zai ce yau yunwa yake ji? Shayi kawai za ka karɓa, sai biskit ɗin jirgi da ka ɓoye a aljihun jaka. Sayen abinci a titi ba dama, domin mai gidan ne ke zagawa da ku, kuma a gabansa ka shafa cikin. Kwana biyu ana haka, bawan Allah ya ɗauka sunan yaron ke nan. Da safe sai ka ji, "Naƙoshi, fito mu tafi!"

4. Kalli gari da ilimi

A gidan tarihi ɗan yayata ya tsaya gaban wani zanen kwano cike da inabi da burodi, ya kusa rabin awa bai motsa ba. Mai gidan ya riƙa nuna shi ga mutane, wai yaron ya san darajar zane.

Aka je hawa tsohuwar hasumiya. A tsakiyar bene idonsa ya yi duhu, ya zauna daɓas. In haka ta same ka, ka ce iska kake sha. Ka ɗauki hoto da murmushi, ka tura gida: "Muna ta shan daɗi."

5. Bari wani ya tona asiri

Safiyar kwana na huɗu ɗan yayata yana wucewa ta ƙofar kicin ya ji muryar uwar gidan. Dogo take tambaya.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Girkina ne bai yi masa ba, ko ƙyamarmu yake yi?"

Dogo, baki cike, ya ce, "Mama, rabu da shi. Mu sai an yi mana tayi sau uku."

Ta fito da faranti ta dire a gaban ɗan yayata, ta ɗaga yatsu tana lanƙwasawa. "Ci. Ci. Ci. Uku ke nan. Ya cika?"

Ya ci. Ta zauna tana kallonsa, ta cire tabarau ta share ido. "Kullum sai na canza girki saboda kai. Har maƙwabciyata na tambaya me nake yi ba daidai ba."

A nan ne kunyar ta kama shi, ta gaske, wadda uwarsa ba ta yi masa huɗubarta ba. Ya ba ni tausayi, amma bai fasa miƙa faranti a ƙara masa ba.

Gargaɗi

Jiri, rama, sabon suna, da hawayen tsohuwar da ba ta yi maka komai ba, duk babu ruwana da su. Mai ƙorafi ya same ni a gida lokacin cin abinci. Sau ɗaya zan yi masa tayi.