Irin Raken Hamisu

Tanko yana ban ruwa a fadamarsa ta ƙauyen Taba aka bugo waya aka ce Hamisu ya rasu. Taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, amininsa tun suna yara. Ya zauna a kan kunya, fartanya a hannu. Rabonsu da juna mako uku.

Sai ya tuna wata shekara da ambaliya ta cinye rakensa, ko na iri bai tsira da shi ba, kuma girman kai ya hana shi roƙo. Ran nan ya iske Hamisu a bakin gona yana raba wa mutane irin rake dami-dami, kyauta.

"Sannu da ɓarna, bawana!"

"Yawwa ubangida, ya kiwon kwaɗi? An ce gonarka ta zama tafki."

"Tafkina ya fi gonar almubazzari. Ka san ma'anarsa kuwa? Wanda zai rabar da wandonsa ya koma gida da ganye."

"Jahili! Na tambayi malam a Hunkuyi. Larabci ne, asalinsa daga watsa iri yake. Ka ga manomi ke nan."

"Malamin ya gaya maka ɗan'uwan Shaiɗan ne, ko nan ka toshe kunne?"

"Ya faɗa. Na ce ai na sani, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito."

"Kai! Ni ne Shaiɗan?"

"Da bakinka ka faɗa. Malam ya ce wanda ya zubar a inda ba amfani shi ne almubazzari. Ni ƙasa nake ba, ta hannun mutane."

Saura dami shida. Tanko ya dube su, ya kau da kai.

"Ubangida, ka ce 'don Allah' sau ɗaya, a kai maka har gona."

"Ni in roƙi bawa? Gara in shuka tsakuwa."

"To bari in kira Tukur ya kwashe."

"Tukur? Wanda ke shanye iri kafin ya kai gona? Matsa can!" Tanko ya rungumi dami ya jefa a amalanken Hamisu. "Ba roƙo na yi ba, ƙwace na yi. Kayan bawa na ubangida ne."

Hamisu ya yi dariya har da tari, ya kama masa ɗaya gefen dami na biyu.

"Har amalanken?"

"Har jakin."

"Ka dawo min da jakina, ɓarawo."

"In ya ga dama ya dawo."