Rasuwar Ƙofar Shagon da Muke Kwana a Ciki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da hannuwan da har yau ba sa iya riƙe cokali, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ƙofar gidanmu, ƙofar ƙarfe ta naɗi wadda yara ke kira Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a gaban jama'a. Ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba. Kashe ta aka yi, kuma ni na fara ɗaga guduma.

Marigayiya ta girme mu a gidan. Shekara talatin ta yi tana gadin shagon yadi kafin kasuwa ta tashi daga layin, mu kuma muka tare da iyali shekara tara da suka wuce. Kantocin yadi suka koma na kwanuka, teburin awo ya zama gadon Inna, mahaifiyata, muka raba ɗakuna da labule. Ita kaɗai ce ba mu sauya wa aiki ba. Ita ce ƙofar gaba, ita ce ta baya, don wanda ya gina wurin bai taɓa zaton ɗan Adam zai kwana a ciki ba.

An shaide ta da riƙon amana. Ɓarawo bai taɓa samun fuska a wurinta ba. Da safe in an ɗaga ta sai ta ce ƙarrrr-gau, duk layi ya san mun tashi. Da yamma ta ce guruf, zance ya ƙare. Ta sha ƙwallon yara da ruwan sama, ba ta taɓa kai ƙara ba.

Jinyarta ta fara tun bara, lokacin da sifirin da ke ɗauke da nauyinta ya gaji. Mai walda na kusa da mu ya duba ta ya ce, "Malam, tsohuwar nan wata rana za ta zauna a kan wani." Na ce masa zan duba. Duban da na yi shi ne na riƙa shafa mata baƙin mai, ina tokare ta da ƙafar wani karyayyen tebur.

Ranar da abin ya faru ina tsallaken titi, matata ta fita da yara, Inna kaɗai ke ciki da tukunya a kan risho. Ƙafar teburin ta karye. Gwaggo ta faɗo gaba ɗayanta ta cije, girgizar ta kifar da rishon, wuta ta kama labule. Mutum shida muka sa hannu mu ɗaga ta, ko motsi ba ta yi ba. Hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashinta. Daga ciki muna jin Inna tana bugun ta da murfin tukunya.

Sai muka far mata. Ni da guduma, mahauci da gatari, mai faci da ƙarfen ɓare taya. Mai walda ya kafa mata injin yanka a tsakiyar ciki, tartsatsi na tashi, tana wani ihu da ban taɓa jin ta yi ba. Ba ta mutu da sauƙi ba. Ta tsaga mini tafin hannu, ta cire wa mahauci farce. Muka farke ta, muka banƙare haƙarƙarinta, mai walda ya kutsa ya ɗauko Inna, tana tari, bakin zaninta a ƙone, amma da ranta.

Ga abin da ya hana ni sukuni. An fito da Inna, an kashe wutar, ni kuwa ban ajiye gudumar ba. Na ci gaba da jibgar gawar, jinina na zuba a kanta, har sai da Inna ta ɗago daga inda aka zaunar da ita ta ce, "Kai, ƙyale ta haka. Ita aka gaya wa sifirin ya gaji?"

Tun ranar nake juya maganar. An ƙera ta ne don ta hana mutane shiga, ranar da ta hana da gaske muka kashe ta. Dukan farko na ceton uwa ne, ba na neman gafararsa. Na bayan kuwa na san wanda ya kamata ya sha shi, kuma ba ƙarfe ba ne.

Ta rasu ta bar kwaɗo biyu, makulli uku da rabin gwangwanin baƙin mai. Ƙafar tebur ta riga ta da daƙiƙa guda. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a kurar mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Masu ta'aziyya su shigo kai tsaye, babu abin ƙwanƙwasawa. Bayan an dawo, kafinta zai sa ƙofar katako mai sakata ta ciki, magini kuma zai fasa ta biyu a bangon baya. Inna ta ce kada a wahalar da maginin, a miƙa mini gudumar, tunda kowa ya ga na iya.